Gyaran Ƙaramin Injin Juya Katako Domin Yin Biro

Kafintoci da yawa suna da ƙaramin injin juya katako a rumfarsu, wanda suke fere ƙafar kujera da marikin kurfi da shi. Sau da yawa injin nan yakan kwana ya wuni ba aiki, ga kuma guntayen katako masu kyau ana zubarwa ko ana kai wa mata su hura wuta. A wannan fitowa muna so mu nuna yadda za a gyara irin wannan inji har ya iya yin biro na katako, da kuma abin da ya kamata a fara kashe wa kuɗi, don kada mutum ya ɓatar da ɗan jarinsa a banza.

Inda sana'ar ta fi ƙarfi

Sunan nan biro da muke faɗa kullum, sunan mutum ne, watau Laszlo Biro, ɗan jarida mutumin Hungari, wanda ya yi rajistar irin wannan alƙalami a 1938. Yin gangar jikin biro da katako kuwa ya fi yaɗuwa a Amurka da Ingila, inda mutane da yawa ke yinsa a ɗan ɗakin aiki a bayan gida. A Amurka masu juya katako sun kafa ƙungiyarsu ta ƙasa tun 1986. Kayan cikin biron, watau bututun tagulla biyu, da baki, da zoben tsakiya, da maƙalin aljihu, da abin tawada, a ƙunshi guda ake sayar da su, yawancinsu kuma daga Taiwan da Sin suke fitowa. Aikin kafinta shi ne katakon da ke rufe bututun. Saboda haka kafin a taɓa inji, sai a tabbata akwai hanyar samun ƙunshin nan. In babu ita, gyaran inji ba shi da amfani.

Abin da ya sa aikin ke son daidaito

A sirirn biro, wanda shi ne na masu koyo, akan huda katako da bakin huda mai milimita 7, a manna bututu a ciki, sa'an nan a fere. Katakon da ya rage a bakin bututun bai kai kaurin milimita 1 ba. Ƙafar kujera, ko ta ɗan karkace, ba wanda zai lura. Amma biro, in inji ya yi rawa kaɗan, gefe guda zai yi kauri, gefe guda ya yi siriri har tagulla ta leƙo, yatsan mai saye kuwa zai ji tudun nan da nan. Don haka duk gyaran da za mu ambata manufarsa ɗaya ce: inji ya juya sosai ba rawa.

Gyaran da ba ya cin kuɗi

Mu fara da abin da ba a saye. A ɗaure inji da noti a kan benci mai nauyi, a aza buhun yashi ɗaya ko biyu a ƙarƙashinsa. Nauyin nan yakan shanye girgiza. Sa'an nan a kama sandar da ke juyi a kan inji a girgiza ta da hannu. In tana motsi, ko tana ƙara, ko tana zafi da sauri, to, boris ya mutu. A cire shi, a karanta lambar da ke jikinsa, a nemi irinsa wurin masu sayar da kayan babur ko na janareta. A duba bel kuma, in ya tsage a sake shi.

Bayan wannan sai a gwada kai da wutsiya. A sa tsini a kan inji, a sa wani a wutsiyarsa, a matso da su har su kusa taɓa juna. Tilas ne tsini ya dubi tsini. In sun saɓa, a fara share ramin da suke shiga da tsumma, gama sau da yawa ƙurar katako ce ta daskare a ciki. In har yanzu wutsiya ta yi ƙasa, a yanka ɗan siririn gwangwani a sa a ƙarƙashinta har su daidaita.

Abin da za a fara saya

Na farko shi ne tsinken ƙarfe wanda ake zura katakon biro a jikinsa. Gindinsa yakan shiga ramin kan inji, ramin nan kuwa yana da awo da ake kira Morse, da sunan Stephen Morse, Ba'amurken da ya ƙago shi a 1864. Ƙananan injuna sukan zo da lamba 1 ko lamba 2. A auna bakin ramin: in ya kai milimita 12, lamba 1 ce, in ya kusa milimita 18, lamba 2 ce. Wanda ya yi odar tsinke bai auna ba, zai iya karɓar kayan da ba za su shiga injinsa ba. Tare da tsinken akan sayi ƙananan zobban ƙarfe. Su ne ma'auni, gama har kaurinsu ake fere katako. Kowane irin biro da nasa zobban.

Na biyu shi ne tsinin wutsiya mai boris a ciki, wanda bakinsa ke da digiri 60. Ɗan ramin da ke ƙarshen tsinke, a kan wannan awo aka yi shi. Tsinin da yakan zo tare da inji na soka katako ne, yakan ɓata ramin, daga nan tsinke ya fara rawa. Amma fa kada a matse wutsiya da ƙarfi, domin tsinken siriri ne, yakan lanƙwashe. Mai shakkar tsinkensa ya mirgina shi a kan gilashi. In ya lanƙwashe zai riƙa tsalle.

Na uku, mariƙin bakin huda wanda ke shiga wutsiya, don a huda katako a miƙe a kan injin kansa. Na huɗu, abin daidaita baki, wanda ke aske ƙarshen katako har ya zo daidai da bututu. In ba a aske shi sosai ba, za a ga rata tsakanin katako da ƙarfe bayan an haɗa. Na biyar, gajeriyar majinginar kurfi mai tsawon inci 4 zuwa 6. Wannan ba sai an saya ba, mai walda na gari zai yi ta, a goge samanta sumul.

Maganar gudu

Biro ƙaramin abu ne, yana son gudu wajen fira, kamar juyi 2,000 zuwa 3,000 a minti ɗaya. Huda da goga da samfefa kuwa suna son sannu, juyi 500 zuwa 800, gama zafi yakan fasa katako ya sake gam. Moto irin wanda aka fi samu a nan yana juyi kamar 1,400 a minti. Ga lissafin: in fulen moto inci 4 ne, na inji kuma inci 2, inji zai yi juyi 2,800. In aka juya su, fulen moto inci 2, na inji inci 4, zai yi 700. Ashe fule biyu masu hawa bibbiyu sun isa aikin duka, ba sai an sayi inji mai tsada ba.

Mai sayen tsohon inji da ya fito daga Amurka ya lura da kyau. Wutarsu ta gida bolt 120 ce, tamu kuwa 230. In aka jona shi kai tsaye, moto zai ƙone. Sai da tiransifoma, kuma ko da ita, moton da aka rubuta masa juyi 1,725 zai sauko kusa da 1,440, domin bugun wutarmu 50 ne, tasu 60.

Katako

Gunduwa mai faɗin kashi uku cikin huɗu na inci, da tsawon inci 5, ta isa biro guda. A raba ta biyu, kowane rabi ya ɗan fi bututunsa tsawo. Kirya, da marke, da kanya, da zuciyar tsamiya duk suna da tauri, suna kuma ɗaukar ƙyalli. Sai dai lalle katako ya bushe sarai, in ba haka ba hunturu zai tsaga shi a aljihun mai saye. A shafa kakin zuma a ƙarshen kowace gunduwa, a ajiye a inuwa, a riƙa aunawa. Ran da nauyi ya daina raguwa, ta bushe.

Muna jan kunne game da madobiya. Saboda yawan sare ta ana kai wa Sin, taron ƙasashe da aka yi a Johannesburg a 2016 ya sa ta cikin itatuwan da ba a fitar da su waje sai da takardar izini. Kada kowa ya kayar da itace saboda biro. Guntayen rumfa, da tsohuwar taɓarya, da ƙotar fartanya da ta karye sun isa mutum aikin shekara.

Gamawa da kiyaye kai

A goge bututu da samfefa kafin a manna shi da gam mai ƙarfi irin Araldite, a bar shi ya kwana. A fere da kurfi mai kaifi, a bi da samfefa daga lamba 150 har 400 ko 600. Bayan kowace lamba a tsai da inji a goga bisa tsawon katako. A shafa kakin zuma, ko kuwa siraran shafe na gam mai saurin kamawa, wanda ya fi jure gumin hannu, amma a yi shi inda iska ke shiga, gama tururinsa na cin ido. Wajen haɗawa a matsa sassan a hankali da mamatsin benci, kada a buga da guduma.

Kada a tsaya gaban inji da babbar riga ko hannun riga mai lilo, domin abin da ke juyi 2,800 ba ya jiran kowa. A sa tabarau, a rufe hanci saboda ƙura. Yara masu koyo kada a bar su su kaɗai.

Kasuwa

Biron katako ba zai yi gasa da na roba ba wajen araha. Masu sayensa su ne masu neman kyauta ga malamin da ya yi ritaya, ko ɗalibin da ya gama makaranta, ko baƙon da ya zo daga nesa. Shawararmu ita ce a fara da ƙunshi goma. A rubuta kuɗin ƙunshi, da na gam, da samfefa, da man janareta, da ladan wuni, sa'an nan a yanka farashi. In goman sun tafi da riba, a ƙara. In sun kwanta, hasarar ba ta da yawa, injin kuwa ya riga ya gyaru domin sauran aikin rumfa. Sannu ba ta hana zuwa. In kafintoci uku ko huɗu na gari ɗaya suka haɗa kai suka yi oda tare, kuɗin kawowa zai yi wa kowa sauƙi.