Injin kaɗi shi kaɗai ba ya tayar da masaƙa

Na gaji da wata magana da ake yi a majalisun Maraɗi: wai da wani Alhaji zai sayo injin kaɗi daga Sin, da audugar Jiratawa ta tufatar da Nijar kaf. Har akwai masu yawo da hotunan tsofaffin injuna a waya suna neman mai zuba kuɗi.

Aikin injin dai shi ne na kakanninmu mata a Tibiri: jan auduga, murza zare, naɗewa. Amma inda tsohuwa ke da mazari ɗaya, inji guda kan ɗauki ɗaruruwa, kowanne yana iya juyawa fiye da sau 15,000 a minti. Abin da ke gudu haka ba ya jure ɗaukewar wuta, kuma wutarmu ta layin Katsina ake jawo ta. Kowa ya ga halin da aka shiga a watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wutar. Ga hunturu: iska ta bushe, zare sai tsinkewa, dole a girka na'urar da ke ba ɗakin danshi dare da rana.

Da inji ne magani, da Kaduna ba ta durƙushe ba. An buɗe masaƙar KTL a 1957, ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi ta a 2007, injunansu na ciki. Rashin wuta da atamfa mai araha daga Asiya suka kashe su, kuma, a faɗi gaskiya, wani kaso na atamfar nan ta rumbunan Maraɗi ya bi, ya ratsa Ɗan Issa zuwa Jibiya. Sai kuma gwanjo.

Don haka, ɗan'uwa, kafin ka saki ko dala, tabbatar injin kaɗi ne aka nuna maka, domin injin gurza cire angurya kawai yake yi. Tambayi shekarar da aka ƙera shi da inda ake samun kayan gyaransa. Nemo makaniken da ya taɓa kwance irinsa. Lissafa kuɗin gazuwal na shekara, da manoman da za su yi alkawarin ba ka auduga mai tsabta, wadda ba a haɗa da leda ko yashi ba. Sannan ka je wurin masu saƙa, ka ji da kunnenka nawa za su sayi zarenka. In dillali ya ce ka biya tukuna, ka riƙe kuɗinka.