Mutum-mutumi mai hira da jama'a: amfaninsa da haƙƙin da ke tattare da shi

Mutum-mutumin zamantakewa na'ura ce da aka ƙera domin hulɗa da mutane kai tsaye: ta gaisa, ta amsa tambaya, ta nuna wa baƙo hanya a banki ko asibiti, ta ɗebe wa tsoho kewa. Na farko-farkonsu, irin su Pepper da kamfanin SoftBank na Japan ya fitar a 2014, galibi maganar da aka tsara musu suke maimaitawa. Bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022 ne aka ƙara himma wajen haɗa su da manyan manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda aka horar da ɗimbin rubuce-rubuce har suna iya tsara amsa kan kusan kowace tambaya.

Abuja ba ta zauna 'yar kallo ba. A 2020 hukumar NITDA ta buɗe cibiyar ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi ta ƙasa, NCAIR, a birnin. A Disamban 2022 kamfanin Uniccon da ke Abuja ya ƙaddamar da Omeife, mutum-mutumi mai siffar mace, wadda ya ce tana jin harsuna da dama. A Satumban 2025 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da N-ATLAS, babbar manhajar harshe da aka gina tare da kamfanin Awarri, mai aiki da Hausa, Yarbanci, Igbo da Turancin Nijeriya.

Sai dai akwai matsala, kuma tushenta yana cikin yadda irin wannan manhaja ke aiki. Ba ta tantance gaskiya da ƙarya. Kintace take yi na kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Shi ya sa takan ƙaga amsa, ta faɗe ta ba tare da ko ɗar ba. Idan a allon waya ne, mai karatu na iya tsayawa ya yi shakka. Amma da zarar amsar ta fito daga bakin abin da ke da fuska da ido, yana sallama yana tambayar lafiyar iyali, sai a ba shi yardar da ake ba mutum, alhali bai yi abin da ya cancance ta ba. Dattijuwar da ta tambaye shi yawan ƙwayar hawan jinin da za ta sha ba ta da hanyar gane cewa kintace ya yi mata. Kuskuren ya fi yawa a Hausa, domin rubutunta a intanet bai kai ko kusa da na Turanci ba, balle karin harshen Sakkwato ko na Katsina.

Sai batun ido da kunne. Irin wannan mutum-mutumi galibi yana ɗauke da kyamara da makirufo, kuma sau da yawa abin da ya ji yakan tafi manyan kwamfutocin kamfani a wata ƙasa kafin amsa ta dawo. A gidan Bahaushe baƙo namiji iyakarsa zaure, ga shi na'ura mai kyamara tana iya shiga har ɗakin matar gida. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023 kuma hukumar NDPC ke kula da ita, ta tanadi cewa sai da halattaccen dalili ake tattara bayanan mutum, kuma amincewar yaro tana hannun iyayensa ko waliyyinsa. Jamus kuwa ta hana sayar da wata 'yar tsana mai suna Cayla a 2017 saboda ta ɗauke ta na'urar leƙen asiri a ɓoye.

Shaƙuwa ma tana da nata haɗarin. A ƙarshen 2024 kamfanin Embodied na Amurka ya durƙushe, ya sanar cewa Moxie, mutum-mutumin yara da yake sayarwa dala 799, zai daina aiki tunda ƙwaƙwalwarsa na kan kwamfutocin kamfanin. Iyaye ne aka bari da lallashi.

Tarayyar Turai ta fara aiki da dokarta ta ƙirƙirarriyar basira a Agustan 2024, wadda ta wajabta sanar da mutum cewa da na'ura yake magana, ta kuma haramta na'urorin karanta yanayin zuciya a makarantu da wuraren aiki, in ban da dalilin lafiya ko tsaro. A watan ne Nijeriya ta fitar da daftarin tsarinta na ƙasa kan ƙirƙirarriyar basira, sai dai tsari ba doka ba ne. Saboda haka nauyin ya fi komawa kan mai ƙera na'urar da mai girke ta. Asibiti ko makarantar da ta ajiye mutum-mutumi ya kamata ta iyakance abin da zai yi magana a kai, ta gwada shi da masu jin harshen kafin ya fara aiki, ta raba manhajar hira da sashen da ke motsa hannu da ƙafa, ta kuma sa ma'aikaci a kusa wanda zai iya kashe shi, wanda kuma za a kai wa ƙorafi idan ya yi ɓarna.