Agogon da Ba Ya Nuna Lokaci: Sawun Afirka a Kiɗan Birazil

Idan Bahaushe ya ce agogo, abin duba lokaci yake nufi. A birnin Salvador na jihar Bahiya ta Birazil kuwa, agogo ƙarfe ne mai baki biyu, ɗan'uwan kugen fadojinmu, ana kaɗa shi da sanda. Kalmar ta Yarabawa ce, ƙararrawa take nufi. Mu aro muka yi wurin maƙwabta. Mutanen Birazil kuwa cikin jirgin bayi ta isa gare su.

Birazil ta karɓi bayin Afirka fiye da miliyan huɗu, abin da babu wata ƙasa a nahiyar Amurka da ta kai, kuma sai 1888 ta soke bauta. An raba mutanen nan da dangi da suna, amma abin da hannu ya iya kan fatar ganga ba a iya ƙwacewa. A gidajen bautar Kandombile har yau ganguna uku ne ke kiran allolin Yarabawa Shango da Ogun, ana waƙa da kalmomin Yarabanci. Akwai ma salon kiɗa da suke kira ijesha, sunan mutanen Ilesha. Daga Angola kuma aka samu berimbau, baka mai tsirkiya ɗaya da ƙwarya, wanda ke jan ragamar wasan kafuwera, wasan da dokar 1890 ta haramta, UNESCO kuma ta karrama a 2014.

Samba ma, wadda duniya ke ɗauka tambarin Birazil, a tsakar gidan baƙar fata ta girma. Tia Ciata, 'yar Bahiya da ta koma Rio de Janeiro, ita ke tara makaɗa a gidanta a zamanin da 'yan sanda ke korar masu irin wannan kiɗa. Daga zaman gidan nan waƙar "Pelo Telefone" ta fito, wadda mawaƙi Donga ya yi wa rajista a 1916.

To, ina Hausawa? Suna nan, kuma wannan ne ya fi taɓa mini zuciya. Bayi Hausawa sun shirya bore a Bahiya a 1807, sun tayar da wani a 1814. A watan Janairun 1835, cikin azumi, Musulmi bayi da 'yantattu, yawancinsu Yarabawa tare da Hausawa, suka fito titunan Salvador da fararen riguna da layu. An murƙushe su, aka kashe wasu, aka koro wasu Afirka. Sai a 1979 matasan unguwar Itapuwa suka kafa ƙungiyar makaɗa ta Malê Debalê don raya sunan mutanen nan da ake kira Malê. Har a tukunya sunanmu bai ɓace ba, domin akwai girkin shinkafa da nama da 'yan Bahiya ke kira shinkafar Hausa.

Mawaƙin Birazil Gilberto Gil ya zo Legas bikin FESTAC na 1977, ya koma gida ya fitar da faifan "Refavela". Tun 2003 doka ta wajabta koyar da tarihin Afirka a makarantun Birazil. Su suna nemanmu. Ina roƙon malaman tarihi da masanan kiɗa na jami'o'inmu, daga Kano har Yamai, su sa labarin Bahiya cikin abin da suke koya wa 'ya'yanmu.