Abin Da Ke Kashe Batirin Mota Ana Cikin Tafiya

Ran da hutu ya ƙare, kawuna ne ya ɗauko ni zuwa makaranta a tsohuwar motarsa Peugeot 504. Bayan magariba, tsakanin Funtuwa da Zariya, sai wata jar fitila mai siffar batir ta kama a gaban direba. Can sai fitilun gaba suka dushe, injin ya mutu, ga daji ga duhu. Kawu ya yi ta faɗa, wai an sayar masa da batir na banza.

Da safe mai gyaran lantarkin mota ya duba, ya ce, "Alhaji, batirinka ba shi da laifi, ba ya samun caji ne." Ga abin da na koya a wurinsa.

Batir kamar randa yake. Babban aikinsa ya tayar da injin. Da zarar injin ya tashi, altaneta, wanda wasu ke kira dainamo, shi ke ba fitilu da filogi wuta, yana kuma mayar wa batir abin da aka ɗiba. In ya daina aiki, sai a yi ta sha daga randa ba mai zubawa, har ta ƙafe.

Yadda ake ganewa shi ne a ɗora mita a kan batir. In injin yana kashe, lafiyayyen batir yakan nuna wajen bolt 12.6. In an tayar, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, sai a duba fambel, domin shi ke juya altaneta, kuma in ya saki sai ya riƙa zamewa. Sa'an nan a duba kawunan batir, ko sun kwance ko farin gari ya taru a kansu. In duk lafiya, laifin yana cikin altaneta, watakila burushinsa ya cinye. Namu fambel ne ya saki, aikin minti 10.

Ya kuma gargaɗe mu kada a cire kan batir injin yana aiki da sunan gwaji, don yana iya ƙona kwamfutar motocin yanzu.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, in jar fitilar nan ta kama, a nemi mai gyara tun da rana. Ni dai na makara kwana ɗaya, na kuma sha shara.