IDAN ZUCIYA TA TSAYA: SANI DABAN, IYAWA DABAN



Idan mutum ya yanke jiki ya faɗi, zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Kafin a samo mota daga Makera ko Nasarawa a kai Asibitin Gwamna Awan na Kakuri, lokacin ya wuce. Wanda ke tsaye a kansa shi ne likitan farko.

Masu bincike kan tambayi likitoci da nas-nas yadda suka amince da kansu wajen farfaɗo da irin wannan, sannan su gwada su a kan mutum-mutumin roba. Wani ya amince da kansa, hannu bai iya ba; wani ya iya, tsoro ya hana shi. In ba a maimaitawa, iyawar kan dushe cikin watanni, kamar haddar da ba a tilawa. To ina ga ni da kai?

Idan an kira shi bai amsa ba, kuma ba ya numfashi:

• A kwantar da shi rigingine a ƙasa, wani ya nemo taimako.
• Hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirji, a danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa.
• Kada a ɗura masa ruwa, zuma ko rubutu. Huhu za su shiga. Mai magani ne ke gaya muku.

Karatu ba ya isa, ku nemi horo wurin Red Cross. Ajali na Allah ne, riƙo da sababi namu ne: baki na addu'a, hannu na aiki.

Allah Ya ƙara mana lafiya. A tura wa 'yan uwa.