Aikin da ke fara neman kuɗinka

Duk shekara, da zarar yayyenmu 'yan aji uku sun ajiye biro bayan jarrabawar WAEC da NECO, sai a shiga zaman jiran sakamako. A wannan zaman ne wayoyi ke cika da saƙonni a WhatsApp da Facebook: hukumar kwastam tana ɗaukar ma'aikata, wata ƙungiyar agaji tana neman matasa, albashi naira 150,000, a latsa nan kafin ƙarfe 12 na dare. Mu 'yan ƙungiyar jaridar makaranta mun zauna mun duba yadda irin waɗannan saƙonni suke kama mutane. Malamanmu ma su tsaya su karanta, don mun san su ma ana tura musu.

A aikin gaskiya, kuɗi daga hannun mai ɗaukar aiki yake fitowa ya je hannun ma'aikaci. In aka juya, aka ce kai ne za ka fara biya, to ruwa ba ya tsami banza. Ɗan damfara ba ya fara neman kuɗi mai yawa. Zai ce naira 2,000 ne kuɗin fom. Bayan kwana biyu sai ya taya ka murna, sunanka ya fito, saura na gwajin lafiya. Daga nan sai na kaki, sai na "oga" da zai sa hannu. Duk lokacin da ka biya, janyewa na ƙara yi maka wuya, saboda kana jin ciwon abin da ka riga ka zuba. Ƙanƙantar kuɗin farkon ma dabara ce. Mutum 1,000 in suka biya 2,000 kowanne, an tara naira miliyan 2, kuma da wuya a samu wanda zai je ofishin 'yan sanda a kan 2,000.

Rundunar soja da ta 'yan sanda sun sha sanar da cewa cike fom ɗinsu kyauta ne. Inda ma ake biyan gwamnatin tarayya wani kuɗi, asusun bai ɗaya na gwamnati yake shiga. Saboda haka in an ba ka lambar asusu, ka sa ta, sunan wani mutum ya fito alhali an ce hukuma ce, magana ta ƙare.

Tambarin hukuma da hoton shugabanta ba hujja ba ne, ko ɗan aji ɗaya zai iya kwafo su. Abin dubawa shi ne adireshin shafin, can sama. Akasarin shafukan hukumomin Najeriya da .gov.ng suke ƙarewa, na soja kuma da .mil.ng. Na bogi kan ɗauki sunan hukumar ya manna masa wasu kalmomi, ya ƙare da wani abu dabam. Tun da aka fara shirin N-Power a 2016 ake yi wa sunansa irin wannan. Shafin da kuma ya ce sai ka tura saƙon ga mutum goma kafin fom ya buɗe, so yake ka zama ɗan aikensa kyauta.

Wani ba kuɗin fom yake so ba, asusunka gaba ɗaya yake hari. A nan sai an lura, domin shafukan gwamnati na gaskiya ma kan nemi lambar NIN, wani lokaci har da BVN. Shi ya sa tabbatar da adireshi ke zuwa kafin rubuta komai. Amma babu mai ɗaukar aikin da ke bukatar lambobin jikin katin ATM ɗinka, ko lambar sirrinka, ko lambar nan da banki ke turowa a waya don tabbatar da fitar kuɗi. Mai son biyan ka albashi, lambar asusu ta ishe shi. Haka nan wanda ya ce aikinka kawai shi ne a turo kuɗi asusunka ka wuce da su wani wuri ka cire ladanka: in kuɗin sata ne, sunanka EFCC za ta fara gani.

Mafi muni, ba kullum abin ke tsayawa a kan kuɗi ba. A watan Afrilun 2021, wata budurwa da ta kammala Jami'ar Uyo a jihar Akwa Ibom ta rubuta a Twitter cewa tana neman aiki. Wani ya gayyace ta intabiyu, ta je, ya kashe ta. A 2022 kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Don haka intabiyu a ofis ake yin sa, da rana, ba a gidan wani ko ɗakin otal ba. A nemi sunan kamfanin a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, a gaya wa na gida inda za a, kuma a tafi da wani babba. 'Yan uwanmu mata, wannan bai zama ƙauyanci ba.

In kuwa an riga an faɗa, kunya ita ce abin da ɗan damfara ya dogara da shi. A kira banki nan take a rufe kati da asusun, kada a goge saƙonnin da rasit ɗin tura kuɗin, a kai su ga 'yan sanda ko EFCC. Sannan a koma guruf ɗin da aka samo saƙon a faɗa wa sauran, domin wanda ya turo maka shi, sau da yawa, shi ma turo masa aka yi.