Yaron da tramol ya kama: ina za a kai shi neman magani?

'Yan uwa fatake da dillalai. Kowa a cikinmu ya san yadda tramol ya shiga kara. 'Yan kora suna sha don su jure tafiyar dare, 'yan lodi suna sha don su ɗora shanu a mota ba gajiya. Yaro ya fara da ƙwaya guda, kafin shekara ta zagayo yana watsa huɗu ko biyar a baki tun da asuba. To, abin da nake so in bayyana shi ne wannan kamu ciwo ne, yana da magani, kuma akwai hanyar nemansa.

Asalin sunansa tramadol, maganin ciwo ne dangin kodin da hiroyin. Na asibiti yakan zo a miligiram 50 ko 100, kuma likita ba ya wuce 400 a yini. Na tebur kuwa har mai 225 da 250 ake sayarwa, wato ƙwaya biyu sun ƙetare iyaka. Shi ya sa za ka ga yaro ya faɗi yana karkarwa kamar mai farfaɗiya. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 ke shan irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba a Nijeriya kaɗai, ƙasar da muke kai dabbobinmu kowane mako.

In jiki ya saba, ranar da bai samu ba sai zufa, da hamma, da gudawa, da ciwon gaɓoɓi, da rashin barci. Abin yakan tsananta a kwana na biyu da na uku, ya lafa wajen mako guda, amma kwaɗayin yana nan har watanni. Saboda haka duka da ɗauri ba sa warkarwa. Bijimi in sammore ya kama shi, allura muke nema masa, ba mu ƙara masa sanda. A 2019 'yan sanda sun buɗe gidajen mari a Kaduna da Daura, duniya ta ga halin da aka sa 'ya'yan mutane. Kuma ga haɗari babba: wanda aka tsare ya yi wata bai sha ba, in ya fito ya koma ga adadinsa na da, jikinsa ba ya ɗauka, numfashi na iya tsayawa.

Maganin likita iri biyu ne. Na farko, a riƙa rage masa ƙwayar sannu a hankali bisa lissafi, ana ba shi abin da zai tsai da gudawa, ya sauƙaƙa ciwon jiki, ya sa barci. Na biyu, ga wanda kamun ya yi nisa, akwai metadon da bufurenofin. Metadon ruwa ne da ake sha sau ɗaya a yini a gaban ma'aikacin lafiya, bufurenofin kuwa ƙarƙashin harshe ake sa shi. In an daidaita awo suna kwantar da kwaɗayin ba tare da bugarwa ba, mutum ya iya aikinsa, ya yi sallarsa cikin hankalinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin muhimman magunguna tun 2005. A Dakar ta Senegal, cibiyar CEPIAD da ke asibitin Fann ta fara ba da metadon a 2015. Ba kowane asibiti ke da su ba, kuma duk wanda ya ce zai sayar maka da su a kasuwa, ka guje shi.

Ga yadda za a bi. A fara da CSI na unguwa ko na ƙauye, a gaya wa ma'aikaci gaskiya: wace ƙwaya, guda nawa a yini, tun yaushe, ko yana haɗawa da diyazafam ko giya, ko ya taɓa faɗuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A tafi da kwalin ƙwayar. Likita ba jandarma ba ne, riƙe sirrin majinyaci na cikin aikinsa. Daga nan a nemi takardar turawa zuwa babban asibiti, sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. A Yamai shi ne sashen da ake kira Pavillon E a babban asibitin ƙasa. Mutanen Kwanni kuwa ba su da nisa da asibitin ƙwaƙwalwa na Kware kusa da Sakkwato. Kar sunan wurin ya ba mu kunya, zuwa can ba ya nufin yaro ya haukace.

In an isa, a yi tambayoyi huɗu: wane magani za a ba shi, kwanciya zai yi ko zuwa zai riƙa yi, jika nawa a wata, kuma yaushe za a dawo. A rubuta ranar, maigida ya tabbatar ba ta faɗa ranar da ya tura yaron rakiyar mota ba.

In kuwa aka tarar da yaro ba ya farkawa, numfashinsa na ja, leɓɓansa sun sauya launi, a kwantar da shi a gefensa, kar a ɗura masa madara ko ruwa, a ruga asibiti. Akwai allura mai suna naloksan da ke dawo da numfashi.

Daga ƙarshe, mu iyayen gida muna da namu kason. Yaron da aka sa korar garke kwana uku ba barci, mu muka tura shi wajen mai tebur. A raba aiki, a ba da hutu. Wanda ke shan magani kar a kore shi, a sauƙaƙa masa aiki. In ya zame ya koma sha, a mai da shi wajen likita, sannu ba ta hana zuwa. A haɗa da addu'a da nasihar malamai. Allah ya shirya mana zuriya, amin.